Farin Rubutu a Kan Farar Riga

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina cin abinci da maganar wasu. Tafinta ne ni. Na fara da alhazai a Jidda, ina tsaye tsakanin tsohuwar da ƙafarta ta kumbura da likitan Masar da bai san ko sannu ba. Daga baya na bi fataken fata zuwa Tarabulus, na zauna Hartum shekara uku, na yi Yamai da Duwala, har sanyin Ingila na sha sau biyu. Larabci, Turanci, Faransanci, da ɗan Fulatancin kasuwa. Dokar aikin guda ce, kuma a kanta wanda ya koya mini ya ɗora ni: abin da aka faɗa shi za ka faɗa, ko da kai aka zaga. Ba ƙari, ba ragi. Ban karya ta a gaban alƙali ba, ban karya ta a gaban ɗan kasuwa ba. Sai da na tsufa, na dawo gida Tudun Wadar Zazzau, sannan na karya ta a falona, a gaban matata, a kan wasu likitocin Koriya.

Jikarmu ce ta jawo. Tana karatu a Kongo, reshen jami'a da ke nan garinmu, ta zauna wurinmu zango ɗaya saboda ba ta samu ɗaki a makaranta ba. Kullum da yamma tana kwance kan dadduma da waya a hannu tana kallon wani dogon fim, yanzu dariya, an jima hawaye. Matata Hajiya ta leƙa sau ɗaya don ta yi faɗa, sai ta zauna. Kafin yarinyar ta koma makaranta ta zuba fim ɗin gaba ɗaya a filash, ta soka a bayan talabijin, ta nuna wa kakarta inda za ta danna. Abu ɗaya ta manta: mutanen Koriyanci suke yi, fassarar da ke fitowa a ƙasan allo Turanci ce, Hajiya kuwa Alƙur'ani da Hausa kawai take karantawa, Turancinta bai wuce na gaisuwa ba.

"Alhaji, ga aiki ya samu," in ji ta. "Dama zaman banza kake yi."

Haka na koma bakin aiki. Daga la'asar zuwa magariba, kashi ɗaya a rana, in akwai wuta ko batirin sola bai gaji ba. Ita tana kan doguwar kujera tana tsince shinkafa ko gyaran zogale, ni ina kan tawa, ina karantawa ina juyawa.

Labarin na wasu matasan likitoci huɗu ne da suka gama makaranta suka shiga wani babban asibiti neman ƙwarewa a ƙarƙashin manya. Sunayensu sun ƙi zama a bakin Hajiya, sai ta raɗa musu nata. Akwai Mai Gilashi, saurayi mai kunya da ba ya iya kallon mace a ido. Akwai 'Yar Gajera, wadda ta fi kowa ƙoƙari kuma ta fi kowa shan faɗa. Akwai Doguwa, da Sarkin Ci, wanda ko a gaban gawa za ka ga aljihunsa a kumbure da burodi. A kansu akwai wani babban likita mai furfura da Hajiya take kira Miskili. Ba wani abin a zo a gani suke yi ba. Su yi gudu a baranda, a tsawata musu, su yi barci a zaune, su haɗu su huɗu su sha taliya da tsinkaye biyu kamar ana korarsu. Mara lafiya ya warke su yi murna, ya mutu ɗayansu ya ɓuya a bayan matakala ya yi kuka, sauran su zo su zauna kusa da shi ba magana.

Ni ban taɓa zuwa Koriya ba. Iyakar sanina da su wasu masu gina hanya ne da na gani a Jidda ina saurayi, suna karɓar kofin shayi da hannu biyu. A fim ɗin na sake ganin hannayen nan biyu. Yaro ba ya miƙa wa babba abu da hannu ɗaya, ba ya kiran sunansa, in sun haɗu ya sunkuya. A Ingila na ga likita ɗan shekara ashirin da wani abu ya zauna a bakin gadon tsoho yana kiran sunansa gatsau, tsohon ma bai ji komai ba. Waɗannan kuwa da za ka sa musu babbar riga, da sun wuce a Zazzau ba wanda zai ce baƙi ne. Abin da ya ɗaure wa Hajiya kai shi ne asibitin. Ba tabarma a baranda, ba kulolin abinci, ba buta, ba wanda ya shimfiɗa zane a gindin bishiya yana jiran a kira shi.

"Su ba su da dangi ne?" in ji ta. "Mutum yana kwance kwana uku, ko kunu ba wanda ya kai masa?"

Na ce mata a Hartum kamar mu suke, har da murhun shayi a harabar asibiti. Ta ce to su ne mutane.

Muka yi wata guda a haka lafiya lau, ko in ce kusan lafiya. Idona na hagu ya daɗe da yin hazo, na saba da shi. Na dama ma ya fara shekara biyu da suka wuce, a shekarar nan ya ƙaru. Na je asibiti ni kaɗai a keke, ban gaya wa kowa ba. Ina sa ran ganin tsohon likitan da na sani tun muna samari, sai aka ce ya yi ritaya ya koma garinsu. Aka ɗiga mini magani, aka zaunar da ni gaban wata na'ura, aka ce in ɗora haɓa. Muryar da ta ce "Baba, kalli kunnena" sai na ji na san ta.

'Yar maƙwabtanmu ce, gidan da ke jikin namu ta gabas. Kiristoci ne, Hausawa, mahaifinta malamin makaranta ne, mun fi shekara talatin muna aika musu naman layya suna aiko mana shinkafar Kirsimeti. A gabana aka haife ta. Tana shekara huɗu ta cusa ƙwayar wake a hanci, mahaifinta ba ya gida, ni na saka ta a tsohuwar motata da uwarta muka kai ta asibiti tana ihu tana shure-shure. Na san ta zama likita, har walimar na ci. Ban san ido ta zaɓa ba, ban kuma san ta kai shekarar ƙarshe ta neman ƙwarewa ba.

Ta ce yanar ido ce a idanun biyu, ta hagun ta kai a cire, ta daman tana biye. Ta ce aikin ba ya daɗewa, ido biyu zan kasance, washegari a buɗe.

"Wa zai yi?" na tambaya.

"Ni ce, Baba. Ogana yana tsaye a gefe."

Na yi godiya, na karɓi katin da ta rubuta rana a kai. Da na dawo gida na tura shi cikin tsohon ƙamus ɗina na Faransanci, inda na san ba mai buɗewa. Ranar ta zo ta wuce. Da muka haɗu a ƙofar gida ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa, na ce tafiya ce ta taso mini. Ta yi mini sannu da hanya. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba ta ce wa sa'an ubanta ƙarya yake yi.

Ba raina karatunta na yi ba. In na rufe ido na tuna wuƙa kusa da ƙwayar idona, hannun da nake gani riƙe da ita ɗan ƙaramin hannun nan ne mai danƙon alewa da ya yi ta dukan kujerar motata. Na kasa raba su. Na kuma san abin da ke gabana in na ci gaba da zama: na hagu ya tafi, na dama yana bin sa, wata rana Alƙur'anin ma sai dai a karanta mini.

Fim ɗin ne ya fara tona ni. Rubutun fari ne. In suna waje ko cikin duhun mota, ina gani. Amma likitoci ne, rabin rayuwarsu cikin fararen riguna suke, a ɗaki mai farin bango da farin zanin gado. Da rubutun ya hau kan farar riga sai ya narke, kamar an zuba nono a kan auduga. Na matso da kujera. Na sake matsowa, har gwiwata tana taɓa teburin talabijin. Hajiya ta ce zan tare mata, na ce kunnena ne ya yi nauyi, ina son jin muryarsu.

Ranar farko kalma ɗaya ce ta ɓace mini, na cike ta da abin da ya dace. Duk tafinta yana yin wannan in mota ta wuce da ƙara. Washegari jimla ce. Kafin mako ya ƙare, da zarar sun shiga ɗakin marasa lafiya sai in bar rubutun in koma kallon fuska, wadda ita ma inuwarta nake gani, in saurari hawa da saukar murya, in faɗi abin da ya kamata mutum ya faɗa a wurin. Shekara arba'in ina kallon bakin mutane, na san yadda mai neman gafara yake sauke kafaɗa a kowane harshe.

Abin kunyar shi ne na ji daɗinsa. Duk rayuwata maganar wani nake ɗauka in kai wa wani, ban taɓa sanin daɗin a ce taka ce ba. Sannu a hankali Koriyawan suka koma Zazzagawa. Sarkin Ci ya fara cewa taliyar yau ba ta ji yaji ba. Miskili ya koyi cewa "ke dai an yi 'yar banza". Na ga Mai Gilashi yana yawan tsayawa kusa da 'Yar Gajera, sai na sa masa son ta. Na ba shi magana mai daɗi, irin wadda ni ban iya faɗa wa Hajiya ba muna da ƙuruciya. Da labarin ya ƙi tafiya inda na tura shi, aka nuno shi yana jiran Doguwa a ƙofar asibiti da lema, sai na ce aiko shi aka yi, saƙon 'Yar Gajera ya kawo.

"Ikon Allah," in ji Hajiya. "Kullum saƙo. Wannan yaro da ɗan aike ya zama da ya yi arziki."

Ban kula da yadda ta faɗa ba.

Wata Lahadi bayan la'asar, mun kunna ke nan, aka yi sallama. Likitar ce, da kayan cocinta, riƙe da kwanon da Hajiya ta aika wa uwarta dambu a ciki. Ta durƙusa ta gaishe mu. Na ɗauka za ta ajiye ta tafi.

"Zauna mana, Likita," in ji Hajiya. "Ai 'yan'uwanki ne a ciki. Zo ki ga yadda ake wahalar da su."

"Lah, Mama, ku ma kuna kallon wannan? Mu a ɗakin hutunmu har faɗa ake yi a kan wa zai riƙe waya."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Hajiya. Na ce ko a bari sai gobe, tunda ga baƙuwa. Hajiya ta ce wace baƙuwa, yarinyar da ta yi wa wanka?

Aka shiga ɗakin tiyata a fim ɗin. Nan ba fararen riguna, shuɗaye ne, har na fara murna, sai aka haska fitilar nan mai ƙarfi a kan farin ƙyalle, rubutun ya nutse a ciki. Fuskokin ma duk a rufe, ido kawai. Na ga inuwar Miskili ya juya ga 'Yar Gajera ya yi magana a hankali, gajeriya. Na san halinsa, ko in ce na san halin da na ba shi.

"Ya ce mata ta matsa gefe," na ce. "Ya ce ba ta isa ba tukuna, ta tsaya ta kalli manya."

Likita ta sunkuyar da kai tana wasa da murfin kwano. Hajiya ta ajiye tiren shinkafa, ta ɗauki rimot ta tsayar da hoton.

"Alhaji."

"Na'am."

"In ya ce ta matsa gefe, me wuƙar take yi a hannunta?"

Na duba. Ban ga wuƙa ba, ban ga hannu ba. Haske kawai na gani da wani shuɗi-shuɗi.

"Wata sabuwar al'ada ce tasu," na fara, sai Hajiya ta yi dariyar da ta sa ta tari.

"Bawan Allah, ka bari haka. Tun ranar da Bakoriye ya ce taliya ba ta ji yaji ba na san da magana. Shekaranjiya a kan tire ka zuba shayi, kofin yana gefe yana kallonka. Kuma ni nake kakkaɓe littattafanka. Wa ya ce maka ba na buɗe ƙamus?"

Ta sa hannu a ƙarƙashin matashin kujera ta zaro katin. Ashe kwanon dambun ma da saƙo ya tafi.

Sai na yi abin da tsofaffi suke yi, na ɗaure fuska. Likita ce ta cece ni. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Baba, in karanta maka Turancin, kai ka juya wa Mama? Ni Hausata ba ta kai taka ba."

Ƙarya take, Hausarta ta fi ta jikata nesa. Amma na gane abin da ta yi. Ta mayar mini da kujerata. Na ce to.

Hajiya ta mayar da hoton baya kaɗan. Likita ta karanta a hankali, ba ta sa wa muryarta komai ba, kamar mai karanta takardar magani. Da maganar ta shigo kunnena na ga ramin da na faɗa. Amma an faɗa, na ji, kuma ni ne tafinta.

"Ya ce, yau ke za ki yi," na ce.

Ta karanta na gaba.

"Ta ce, ranka ya daɗe, ina tsoro. Ya ce, shekara uku ina kallon hannunki, da ban yarda da shi ba da ban ba ki ba." Na tsaya na gyara murya. "Ya ce, ina nan tsaye, ba inda zan je."

Hajiya ta sake tsayarwa. Ta koma tsintar shinkafarta, tana tsintar abin da babu.

"Ke," na ce wa Likita, "kin tuna waken?"

"Baba, ai ba a bari na manta ba. Ranar da na gama makaranta ma sai da Mamana ta ba da labarin a gaban fasto."

"To shi nake gani. In na tuna za ki taɓa idona, yarinyar nan nake gani."

"Tun daga ranar ban sake cusa wa kowa komai a hanci ba, Baba. Ko kaina."

Hajiya ta ce, "Ka ji. Ta tuba."

Sai Likita ta gyara zama, ta yi mini bayanin da ta yi a asibiti, amma wannan karon na saurara. Ta ce ta daina ƙirga irin aikin da ta yi. Ta ce na farkon da ta yi, wata tsohuwa ce daga ƙauye, daren ranar ba ta ci abinci ba don fargaba, washegari da aka buɗe idon tsohuwar ta dube ta ta ce ashe yarinya ce. Ta ce in ina son ogan ya yi da hannunsa za ta roƙe shi, ba za ta ji haushi ba, amma layinsa da tsawo, idon dama kuwa ba zai jira ba.

Na tambaye ta ko su ma haka suke, kamar na fim.

"Wahalar dai haka take. Barci a zaune, faɗa a gaban mara lafiya, taliya a tsaye. Mu ma mu huɗu ne muka fara tare. Amma mu ba mai jiranmu da lema, Baba. In ruwa ya sauko acaɓa muke nema."

"Babu Mai Gilashi?" in ji Hajiya.

"Mama!"

"A'a, tambaya na yi."

"Akwai wani a ɓangaren ƙashi," ta ce da murfin kwanon. "Amma ba ya sa gilashi."

Na karɓi katin daga hannun Hajiya na miƙa mata da hannu biyu. Ban shirya yin haka ba, hannayen ne suka tafi tare. Na ce ta rubuta wata ranar.

Da safe aka yi, ranar Talata. Hajiya ta zo da kula biyu da tabarma da buta, ta kafa sansani a baranda tare da uwar Likita, kamar za a yi wata guda. Aka sa mini riga mai ɗauri a baya, aka kwantar da ni, aka yi wa idon allurar kashe zafi, aka lulluɓe fuskata da ƙyalle. Ba na ganin komai sai haske, amma kunnena a buɗe yake, kuma Turanci suke yi. Wannan ne karo na farko da na kwanta a ɗakin da ake magana a kaina da harshen da nake ji, ba wanda zan juya wa.

Muryarta ce ta ba ni mamaki. Ba wadda take gaishe ni a ƙofar gida ba ce. Gajeriya ce, a daidaice, tana neman abu a miƙa mata, ba don Allah ba na gode. Sau ɗaya ta juya Hausa.

"Baba, kada ka motsa. Kada ka yi magana."

Rabon da wani ya ce mini kada in yi magana tun ina makarantar allo. Na yi shiru. Ogan, wanda ban ga fuskarsa ba sai daga baya, kalma biyu na ji ya faɗa duk tsawon aikin, ta biyun ita ce "da kyau". Na so in juya wa wani ita, babu kowa, sai na juya wa kaina.

Washegari ita ta cire audugar da hannunta. Abokan aikinta biyu suna tsaye a bayanta, wata mai ɗankwali da wani dogo, sun zo ganin tsohon da aka ce ya san labarin wake. Ta ce in buɗe a hankali. Abin da na fara gani aljihun farar rigarta ne, da biro uku a ciki, ɗaya ja. Daga nan zaren da ya fito a bakin aljihun. Zare ɗaya, fari a kan fari, na gan shi sarai. Na ɗaga kai na ga fuskarta, da gajiya a ƙarƙashin idanun, mace babba. Na nemi yarinyar motata a ciki ban same ta ba.

Sai Hajiya ta leƙo. Zanen da na shekara biyu ina ɗauka ruwan toka ne ashe kore ne shar.

"Yaya?" in ji ta.

"Kin tsufa," na ce.

"Likita, mayar masa da audugar."

Sati biyu aka hana ni talabijin, aka hana ni sunkuyawa, sallah ma a kujera. Hajiya tana ɗiga mini magani a kan lokaci kamar mai gadin kurkuku. Ba ta kalli ko kashi ɗaya ba ni ba. Na ga bangon falonmu yana neman fenti, na ga bishiyar mangwaron maƙwabta tana da ganye ɗaya-ɗaya, ba dunƙule ba. Na buɗe Alƙur'anina mai ƙananan baƙaƙe da na ajiye tun bara.

Da aka ba ni izini, Hajiya ta ce ba daga inda muka tsaya za mu ci gaba ba. Daga inda na fara ƙarya. Ta ce in nuna mata wurin. Muka yi ta komawa baya har na gane shi, wani kashi da Sarkin Ci yake tsaye gaban gadon wani yaro. Na mayar da kujerata inda take da, kusa da tata.

Labarin gaskiyar ya bambanta. Mai Gilashi Doguwa yake so tun farko, lemar tata ce, ba wanda ya aike shi. Tsayuwar da yake yi kusa da 'Yar Gajera tambayarta yake yadda ake ɗinki. Ita kuwa ba ta son kowa, aikinta take so, da uwarta da ke kwance a wani gari. Miskili bai taɓa zagin kowa ba, ni na ɗora masa. Sarkin Ci ne kawai ban yi wa ƙarya da yawa ba, maganar abinci yake yi.

Hajiya ta saurara har ƙarshen kashin da aka nuna Mai Gilashi ya kasa faɗa wa Doguwa komai, ya miƙa mata lemar ya juya cikin ruwa.

"Shi ke nan abin da ya ce? Riƙe wannan?"

"Shi ke nan."

"Maganganun nan masu daɗi fa, na wata da taurari?"

"Nawa ne."

Ta juya zogale a tire.

"Naka ya fi daɗi," ta ce. "Amma karanta abin da aka rubuta. Waɗancan ka ajiye, in an kashe talabijin ka faɗa."

Mun gama fim ɗin kafin azumi. Jikarmu ta kawo wani, shi ma na likitoci, waɗannan a asibitin ƙauye. Likita tana leƙowa wata Lahadin in ba ta aiki, ta zauna a ƙasa, ta yi ta gyara musu riƙon almakashi. Na ɓangaren ƙashin ya zo gaishe da mahaifinta sau biyu, na gan shi ta taga da idona na hagu, har takalminsa.

Saura na dama. Ta rubuta ranar, Talata ce ita ma. Katin yana kan talabijin, jingine da agogo, inda Hajiya take ganinsa daga kujerarta, ni ma ina karanta shi daga tawa.